Kyanwar Inna da Buhun Yaya

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gidan nan, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki juriyar zaman nesa, Ya raya mana 'yan biyu, Ya sa ciwon kunnen da ke damun ƙaramin ya tafi ke nan. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Baban yara yana ta fama da gyaran lantarkinsa, ya fita da farar safiya ya dawo da yamma hannu duk baƙi. Babbar 'yarki ta wajena ta gama jarrabawa, ta zauna a gida ba ta da aiki sai cinye mana burodi, ta kuma ce in tuna miki takalmin da kika yi mata alkawari. Ɗinki bai yanke ba, alhamdulillahi, sai dai bayana ya fara tuna mini shekaruna. Jikin Inna da sauƙi ƙwarai. Hannun hagun da ya shanye ya fara motsi, tana riƙe kofi idan ba a cika shi ba, magana ma tana fita, ko da yake harshen da sauran nauyi.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maimakon in kira ki shi ne, na ji Yaya ya riga ni. An ce ya kira ki ya ce na shiga tsakaninsa da mahaifiyarsa a kan kyanwa, yana kuma neman ki goya masa baya a mayar da Inna gidansa. Na san halina, idan na ɗauki waya raina zai ɓaci, in yi ta ɗaga murya ki kasa tsintar komai. Gara in shimfiɗa miki abin daga farko, ki karanta a nitse, ki auna da kanki. Sai dai ina ba ki shawara, idan kina cin abinci ki ajiye takardar nan sai kin gama.

Ke shaida ce ni da kyanwa ba ma ga-maciji. Tun muna yara, idan ta goga jikinta a ƙafata sai na je na wanke ƙafar, kuna yi mini dariya. To, da likita ya ce Inna ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba, muka kwaso ta zuwa benen nan namu, ita da gadonta da akwatunanta da Toka, wannan kyanwar tata mai ruwan toka da ta tsinta a bakin ƙofa bayan rasuwar Baba. Ban so ba, amma ban ga fuskar faɗa wa mara lafiya haka ba. Masu kwasar kaya suka cusa ta a kwali, suka jefa a bayan mota tsakanin tukwane da ƙafafun gado, aka yi ta jijjiga ta har muka iso. Ki tuna dabbar da ta saba da tsakar gida, da gindin gwaiba, da hawa katanga ta sha hantsi. Sai ga ta a saman bene a bakin babban titi, motoci na ta ƙaho, mai walda a ƙasanmu yana dukan ƙarfe tun safe har yamma. Ana buɗe kwalin ta fito kamar an harbo ta, ta shige bayan kabad ɗin da nake ajiye yadin mutane, ba mu ƙara sa ta a ido ba sai dai wulgawa.

Idonmu bai gan ta ba, amma hancinmu ya ji ta. Auta, ban taɓa sanin zarni irin na fitsarin kyanwa ba. Ba wari ne da ke tsayawa a hanci ba, har maƙogwaro yake shiga, ki ji shi a cikin shayinki. Na buɗe kabad wata safiya na tarar ta tsula shi a kan farin yadin wata malamar asibiti da ta kawo in ɗinka mata rigunan aiki, ya zana rawaya tun daga sama har ƙasa. Na wanke, na sake wankewa, na shanya, rana na dukansa warin na ƙara tashi. Bayan wannan na zura ƙafa a takalmina na fita na ji abu mai laushi da ɗumi, ba sai na gaya miki ko mene ne ba. Na zauna a bakin matakala ina kakarin amai, babbar 'yarki tana dariya har da riƙe ciki, sai da na jefe ta da ɗaya takalmin. Abinci kuwa ko kallonsa ba ta yi, kifi ya kwana a faranti ƙudaje su taru. Ɗan abin da take haɗiya gashin jikinta ne, don ta yi ta lasar cikinta har ya zama sanƙo, jajir, sannan ta amayo gashin a dunƙule, jiƙe sharkaf, a ƙarƙashin keken ɗinkina. Na bi gidan nan da maganin wanke bayi da turaren fesawa, na kwashe bargon Inna da zannuwanta na wanke su tas, ina ganin tsafta ce za ta raba mu da abin. Sai ma ya ƙaru.

Ana cikin haka Yaya ya zo duba Inna. Tun daga ƙofa ya toshe hanci da hularsa, ya ce wannan gida ne ko bayan tasha. Na kai masa kukana, ba zan ɓoye miki ba, na nuna masa yadin da takalmin, na ce na gaji. Ya ce abu mai sauƙi ne, a sa ta a buhu a kai ta nesa, a ce wa Inna ta gudu. Na ce masa a'a da babbar murya. Na gaya masa Inna ba ta sa loma a baki sai ta tambaya ko Toka ta ci, kullum tana kwance idonta na kan ƙofa ko za ta ga wutsiyarta. Na ce ƙyamata daban, ran Inna daban. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mu mata ba ma rabo da wahalar da kanmu.

Ranar da na kai Inna asibiti wajen gashi da motsa jiki, na bar masa mabuɗi saboda ya ce zai kawo kujerar wankan da aka yi mata. Muka dawo, kujera na nan a falo, an janye kabad daga jikin bango, ba kyanwa. Yaya da ke zaune yana jiranmu ya ce yana shigowa ta yi tsalle ta taga. Na dubi tagogina, duk da raga da ƙarafa, ko ɗan tsako ba zai wuce ba. Na dubi hannunsa, ga yaƙushi tun daga wuyan hannu har gwiwa. Na leƙa kicin, buhun da nake tara ƙyallaye a ciki an zazzage shi a ƙasa, buhun babu. Na bi shi har matakala na tsare shi, sai ya yi dariya, wallahi dariya, ya ce to ai taimakona ya yi, ya kai ta jujin da ke bayan kasuwar masu kifi, can ma ta fi samun abinci. Ya ƙara da cewa tsohuwa ce, za ta yi kukanta ta manta. Ban san ko kyanwar yake nufi da tsohuwa ko mahaifiyarmu ba, ban kuma tsaya tambaya ba, don abin da ya taso mini a ƙirji ya fi na ranar takalmi.

Inna ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta juya fuska ga bango kawai. Na kawo shayi ta ce ta ƙoshi, na kawo romo ta rufe baki, ƙwallon robar da aka ba ta ta riƙa matsawa da hannun hagu ta bar shi ya gangara ƙarƙashin gado. Maganin hawan jininta ba a sha sai da abinci, ga shi abinci ya ƙi shiga. Kafin a ce haka idanunta sun faɗa, maganar da ta fara sakewa ta koma ciki. Baban yara ya dube ni ya ce idan muka zuba ido, ba kyanwa kaɗai za mu rasa ba. Ya ajiye jakar kayan aikinsa, na rufe keke, muka nufi bayan kasuwa.

Ƙanwata, Allah Ya raba ki da ganin wurin nan. Tun daga nesa ƙarni ke tarbar mutum, ya manne a tufafi. Tudu ne guda na hanji da kawunan kifi, da ruɓaɓɓen tumatir, da ƙunzugun jarirai, baƙin ruwa na tsatsowa daga ƙarƙashi yana bin kwata. Ƙudaje manya masu sheƙi suna tashi kamar hayaƙi su sauka a leɓen mutum. Na taka wata leda ta fashe, tsutsotsi farare suka watsu a kan yatsuna, suna motsi. Ni da nake wanke ƙafa don kyanwa ta goge ni, ga ni tsundum a wannan wuri, na ɗaure hanci da gefen mayafi, ina leƙa ƙarƙashin kwanduna ina kiran Toka. Kyanwoyi kam ga su nan birjik, masu ido ɗaya da masu guntun kunne, duk suka zuba mini ido kamar na zo raba gado. Tamu babu. Muka koma gida na yi wanka har fatata ta yi zafi, washegari muka sake dawowa, haka muka yi ta sintiri har masu kifi suka gane mu, suna ce wa baban yara ga masu neman mage sun iso.

Wata dattijuwa mai gyaran kifi ce ta ji tausayinmu. Ta ce ta ga wata baƙuwar kyanwa mai sanƙon ciki a ƙarƙashin wani mataccen firiza da aka yar a gefen jujin, sauran suna korar ta, ba ta fitowa ko an jefa mata hanji. Na durƙusa a cikin wannan caɓi, gwiwoyina suka nutse, na kwantar da kai na leƙa. Sai ga idanu biyu can ƙurya. Na kira, na lallasa, na miƙa kifi, ta yi mini huci ta ƙara matsawa ciki. Baban yara ya ce a ɗaga firizar, na ce idan ta zabura ta shiga kasuwa shi ke nan. Ina nan durƙushe dabara ta faɗo mini. Na kira wayar gida, na ce babbar 'yarki ta kara wa Inna a baki, na gaya wa Inna inda nake da abin da nake gani, ban rage komai ba, sannan na ƙure muryar wayar na tura ta ƙarƙashin firizar. Can sai na ji ta tsotsi leɓe irin yadda take yi, ta kira sunan a jere da wannan harshe nata mai nauyi, tana yi tana hutawa. Auta, kyanwar nan ta amsa. Wani siririn kuka ta yi, ta jawo jiki tana ɗingishi har ta sa hanci a kan wayar. Na rufa mata mayafina na rungume ta, ƙafarta ta baya da rauni yana fitar da mugunya, ƙuma na yawo a wuyanta. A cikin mota ta yi mini fitsari a cinya, ɗumi ya ratsa zanena. Na dai leƙa da kai ta taga.

Kai tsaye muka wuce wurin likitar dabbobi, wata mata mai sanyin hali. Ta wanke raunin, ta yi mata allura, ta ɗiga mata maganin ƙuma a ƙeya, sannan ta zaunar da ni ta tambayi yadda aka yi tun ranar ƙaura. Ta ce duk ƙazantar nan da na gani ba iskanci ba ne, tsoro ne. Ita kyanwa da hanci take sanin gida, idan ta rasa warin da ta sani sai ta riƙa yin fitsari don ta ji wani abu nata a wurin. Ta ce wanke bargon Inna da feshin turaren nan sun share ɗan abin da ya rage mata na tsohon gida. Ta ce in ba ta ɗaki guda kawai, a rufe ƙofa, kuma ɗakin Inna ya fi. In sa mata kwali a kife da ƙofa a gefe don ta samu maɓoya, in shimfiɗa zanen da Inna ta kwana a kai ba tare da an wanke ba. Roba mai faɗi da yashi a lungu ɗaya, abinci da ruwa a wani lungun nesa da shi, a kuma riƙa ba ta a lokaci guda kullum. Kada a jawo ta, kada a leƙa ta, kada a zuba mata ido, a yi kamar ba ta nan har ita ta gaji ta fito. Idan ta fara sakewa, in goga tsumma a kumatunta in shafa a ƙafafun kujeru da bakin ƙofofi, sannan a riƙa buɗe mata gidan kaɗan-kaɗan.

Haka muka yi. Baban yara ya liƙe gefen tagar Inna da soso don ƙarar mai walda ta ragu. Ni kuma na samu sabon aiki a kan ɗinki, kowace safiya in ɗaure hanci, in ɗauki tsohon ludayi in tone yashi ina kwashe abin da aka binne mini. Kada ki zaci na saba. Har yau sai na kau da kai, kuma ludayin nan na yi masa jan fenti a mariƙi don kada tsautsayi ya kai shi kicin. Amma dai an ga amfani. Da fari sai mun fita take cin abinci. Daga baya ta fara leƙo kai daga kwali idan Inna na magana. Wata rana da hantsi na shigo da shayi na tarar ta haye gado ta naɗe a gefen Inna na hagu, Inna kuma tana ta ƙoƙarin ɗaga wannan hannun tana shafa bayanta. Abin da mai yi mata gashi a asibiti ya yi ta roƙonta ta yi da ƙwallo ta ƙi, ga shi tana yi ba wanda ya sa ta. Ranar ta cinye abincinta har ta nemi ƙari. Gashin cikin kyanwar ya fara tsirowa, fitsarin kan kaya ya tsaya. Shekaranjiya ma ta kawo mini rabin ƙadangare ta ajiye a kan matakin kekena, wutsiyar na motsi. Na kira likitar a fusace, ta yi dariya ta ce in yi murna, alama ce ta ɗauki gidan nata, ni kuma ta ɗauke ni 'yar gida da ba ta iya farauta ba. Na ce na gode da karramawa, na kwashe da tsintsiya ina tofar da yawu.

Yanzu ga abin da Yaya bai gaya miki ba. Ya zo ran nan da ledar lemo, fuska a sake, kamar ba abin da ya faru. A safiyar ranar kuwa, Inna ta kasa riƙe fitsari kafin in kawo mata tasar fitsarin, ta jiƙa shimfiɗa, karo na farko tun da ta kwanta. Ta ji kunya sosai, na canza zanen ina yi mata hira don ta sake, na ce wannan ya tsaya tsakanina da ita. Ni ban gaya wa kowa ba. Yaya ya zauna a bakin gado yana ɓare lemo, kyanwar na jin muryarsa ta shige kwali. Inna ta dube shi. Sannan a hankali, kalma bayan kalma, ta gaya masa cewa yau ita ma ta ɓata shimfiɗarta, ƙanwarsa ce ta wanke. Ta ce tun da abin ya fara, ba ta san inda zai tsaya ba, don haka tana roƙonsa alfarma guda: ranar da zai zo da buhu, ya sanar da ita tun da wuri, ta samu ta yi wanka ta sa kayan kirki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi hawaye ba. Lemon ya tsaya a hannunsa. Ya tashi ya fita ko sallama babu. Ni ban sa mata magana a baki ba, Allah ne shaidata, ina tsaye ne a bakin ƙofa da tire a hannu.

Tun daga ranar yake zagaya dangi yana cewa a mayar da ita gidansa, wai ya fi fili. Na san kunya ce ke cin sa, yana so ya wanke fuskarsa a idon mutane. Ɗan'uwanmu ne, ban ce ki yanke shi ba, ni ma ina roƙon Allah Ya cire mini abin da nake ji idan na tuna dariyar nan tasa a matakala. Amma idan ya sake kiranki, ki gaya masa ba za a ƙara ɗaga Inna ba, yanzu ne ta fara zama. Idan yana son gyara, hanya a buɗe take, ya zo ya durƙusa ya ba ta haƙuri da bakinsa, ba ta bakin dangi ba. Na tambaye ta ko za ta karɓa, ta ce ɗanta ne, ya dai zo.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce muna godiya da addu'o'insa. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce babbar uwarsu tana ɗinka musu riguna, su daina girma haka da sauri kafin awon ya ɓaci. Ki gaida surukarki da jiki, da Gwaggo idan kun haɗu, da maƙwabciyarki mai kirkin nan da ta riƙe miki yara lokacin da kika yi zazzaɓi. Baban yara yana gaishe ku, babbar 'yarki ma haka. Inna ta sa miki albarka, ta ce tana kewar muryarki. Ki kira ta da hantsi, lokacin ne harshenta ya fi sakewa, kuma ki yi haƙuri ki bar ta ta kai ƙarshen maganarta da kanta, ba ta son a ƙarasa mata.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki